Amsa ga mai son cire akwatin iskar motarsa ya ɗaura filtar waje

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun da hantsi, sai yanzu bayan isha'i na samu zama. Ka ce Highlander gare ka ta 2006 mai silinda shida, ka ga bidiyon Turawa suna cire akwatin iya kilina, wato gidan filtar iskar injin, su ɗaura filtar nan mai kama da mazurari a bakin bututu, kai ma kana so ka yi da hannunka da ɗan kuɗi kaɗan, ko mota ta ƙara ƙarfi ta rage shan mai. Ni ba bakanike ba ne, hatsi nake ɗaukowa daga wajajen Giwa da Soba. Amma wannan aikin na taɓa yi wa Hilux ɗina mai injin fetur 2.7, kuma na ɗanɗana kuɗata.

Bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya shiga neman dabara, ni ma ban tsira ba. Da damina ta ɗauke na shiga Sabon Gari na sayo filtar, ja ce mai kyan gani, na biya ta shagon masu kayan famfo na yanko fayif na roba da gwiwa ɗaya. Cikin awa biyu na gama a ƙofar gida. Da na tayar da mota na taka totur, sai ta yi wani gurnani kamar ta tsere, yaran unguwa suka taru suna kallo. Sati biyu ina ce wa mutane mota ta canza.

Kunnena ne ya ruɗe ni. Da na fara cika tanki ina rubuta kilomita, na ga man da nake sha tsakanin Zariya da Kaduna bai ragu ba, har ma ya ɗan ƙaru, domin daɗin ƙarar ya sa ƙafata ta yi nauyi a kan totur. Hunturu ya zo ya wuce ina ta shiga ƙauyuka. Da zafi ya kankama wajen Maris zuwa Afrilu, in na tsaya a cunkoson PZ ko Kwangila, sai in ji mota ta yi lakwas wajen tashi, kamar an ɗaure mata ƙafa. Daga nan fitilar gargaɗin injin ta kunnu a dashbod. Aka jona kwamfuta ta nuna P0171, wato iska ta yi wa fetur yawa. Mai aikin ya kwance bututun ya ce in zura yatsa ciki. Yatsan ya fito jawur da ƙura, a wurin da ya kamata ya zama tas. Fayif ɗin kuma zafi ya lanƙwasa bakinsa daidai inda na ɗaure da kilif, iska tana satar hanya ta nan ba tare da ta bi ta filta ba. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Ga abin da na gane daga baya. Injin fetur yana ƙona iska kusan kashi 14.7 a kan kowane kashi ɗaya na fetur, a nauyi. Ma'ana duk lita ɗaya da ka ƙona, injin ya zuƙi iska sama da lita 9,000. To ka tuno hazon Disamba da Janairu, ka tuno jar ƙasar hanyoyin ƙauye in babbar mota ta shiga gabanka. Duk wannan ƙurar filta ce kaɗai ke tsakaninta da fistin da ringi. Filtar mazurari ta araha tana barin iska ta wuce da sauƙi ne saboda ramukanta sun fi faɗi, kuma ta inda iska ta samu sauƙi ƙura ma ta nan take bi. Ƙurar nan yashi ce mai laushi, aikin sanfefa take yi a cikin silinda, a hankali, sai wata rana ka ga mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi.

Sai batun zafi. Iska mai sanyi ta fi ta zafi nauyi, duk digiri 10 da ta sauka tana ƙara kauri da kusan kashi 3 cikin ɗari, shi ne asalin hikimar da masu bidiyon ke magana a kai. Amma akwatin da motar ta zo da shi tun farko daga waje yake jan iska, a Hilux ɗina ta cikin fenda ne. In ka cire shi ka bar filta tsirara a ƙarƙashin bonet, iskar da ta ratso ta lagireto ta dahu ita za ta sha. Ka je neman sanyi ka ɗebo zafi kenan.

Akwai kuma sensar da ke auna iska, wadda ke manne a bututu bayan filta. Siririyar waya ce a ciki da ake ɗumamawa, da ita kwamfutar mota ke sanin yawan fetur da za ta saki. An auna ta ne da faɗin bututunta na asali, in ka canza faɗin lissafi ya rikice. Irin filtar da ake shafa wa mai kuma, in man ya yi yawa yana bin iska ya lulluɓe wayar.

To me zan ce ka yi? Ka bar akwatin a wurinsa, ka gyara shi. Yawancin motocinmu na hannu ba ƙarancin iska ke damunsu ba, yoyo ne. Buɗe bonet ka duba kilif-kilif na murfin akwatin, za ka iya tarar da ɗaya ya karye an ɗaure da waya ko robar tayar keke. Murfin da bai zauna daram ba, ko filtar zinare ka saka banza ce. Sannan baƙin tiyon nan mai kama da maƙogwaro, wanda ya tashi daga akwati zuwa totur, a cikin lanƙwasarsa yake tsagewa, ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Bar mota tana silo ka ɗan murɗa shi da hannu, in sautin injin ya canza, akwai tsaga. Na Beljiyam mai kyau ya fi naɗe shi da salatif.

Filtar takarda ka nemi mai kyau, ka gwada ta a akwatin tun a shagon, robar gefenta ta cika wurin ba tare da gibi ba. A hunturu ka riƙa fito da ita duk bayan sati biyu ko uku kana ɗan bubbuga ta a hankali. Abin da yaran gareji ke yi na hura ta da iskar mai faci, ni na hana a motata, domin ƙarfin iskar yana huda takardar, sai ta yi kyau a ido alhali ta zama rariya. Sensar kuma akwai feshin da aka yi dominta, shi kaɗai za ka yi amfani da shi. Kada a wanke ta da fetur ko feshin kafireta, kada a taɓa wayar, a bari ta bushe kafin a mayar.

In hannunka yana ƙaiƙayi dole sai ka ƙara wani abu, ka naɗe ɓangaren bututun da ke kusa da injin da salatif ɗin alminiyam mai kare zafi. Ka kuma tabbatar hancin da ke kawo wa akwati iska daga waje yana nan, domin sau da yawa bayan aikin fanel bita ana mantawa da shi a gareji. Kada dai ka bi shawarar masu cewa a sauke bakin bututu ƙasa bayan bamba don a samu iska mai sanyi. Ka san yadda ruwa ke kwanciya a wasu titunan Tudun Wada da Sabon Gari a watan Agusta. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in ya shiga silinda sandar fistin ce ke lanƙwashewa, sai sauke injin.

Akwai masu ba da shawarar sinokel, bututun nan da ke fitowa ta fenda ya bi gefen gilas har saman mota. Ga mai Hilux ko Land Cruiser da kullum yake daji yana da amfani, iskar sama ta fi ta gefen taya ƙarancin ƙura. Amma sai an huda fenda, kowace mahaɗa sai an toshe ta sosai, kuma faɗinsa kada ya gaza na bututun asali. Ba ya mayar da mota kwalekwale, wayoyin wuta da giya suna nan ƙasa. Highlander mai zuwa Samaru ta dawo, ban ga abin da zai ƙara mata ba.

Tunda shan mai ne ainihin damuwarka, bayan ka toshe yoyon ka duba fulogi da iskar taya, a jona kwamfuta a ga lafiyar sensar salansa mai auna hayaƙin da ke fita. Gobe in Allah ya kai mu, kwance tiyon ka shafa farin ƙyalle a cikinsa, ka turo mana hoton abin da ya fito.