An cire wa Hajiya madaciya, hoto ya nuna ruwa a ƙarƙashin hanta

Tambaya: Likita, yau kwana 9 da aka cire wa mahaifiyarmu madaciya ta ƙananan huji a wani asibiti a nan Kano. Ciwon gefen dama ya ƙi sauka, ga zazzaɓi, idonta kuma ya fara komawa ruwan ɗorawa. Sikanin ya nuna ruwa a ƙarƙashin hanta, sai aka sake rubuta mana wani hoto mai tsada. Dole ne a yi shi? Daga wata mai karatu a Gwammaja.

Amsa: Malama, Allah ya ba Hajiya lafiya. A yi hoton, kuma kada a kwana ana shawara a kai.

Ɗan ruwa a gurbin madaciya a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, jiki na shanye shi. Haka ma ciwon kafaɗa, daga iskar da aka hura a ciki lokacin aikin. Abin da ya tayar min da hankali shi ne ruwan ya haɗu da zazzaɓi da canjin ido.

Sikanin da aka shafa mata a ciki yana ganin ruwa, amma ba ya iya tabbatar da ko jini ne, ko mugunya, ko ruwan madaciya ke yoyo. Shi ya sa ake wucewa gaba zuwa hoton CT ko na MRCP, waɗanda ke nuna cikin jiki dalla-dalla. CT yana nuna girman taruwar da inda ta kwanta, yana kuma kama zubar jini ko raunin hanji. Za a duba lafiyar ƙodarta kafin a yi mata allurar ruwan hoton. Shi kuwa MRCP, wanda nau'in MRI ne, bututun da ke kai ruwan madaciya daga hanta zuwa hanji yake bi. Nan ake ganin tsakuwar da ta maƙale, ko inda bututun ya tsuke ko ya yanke. Irin wannan rauni bai kai mutum 1 cikin 100 ba, amma idan ya faru, jinkiri ne ke lalata al'amari. Ga mai ido irin na Hajiya, wannan hoton nake fi buƙata.

Sakamakonsa ne zai faɗi maganin. Taruwa ana zuƙe ta da siririn bututu ta fata. Tsakuwa ko ƙaramin yoyo ana bi ta baki da kyamara, wato ERCP, a ciro tsakuwar ko a saka ɗan bututun roba. Bututun da ya yanke sai tiyata a hannun ƙwararru.

Na san za a kawo muku jiƙe-jiƙen ciwon shawara. Don Allah ku ajiye, ba sa buɗe bututun da ya toshe. Ku koma wurin likitan da ya yi aikin yau ɗin nan, ko sashen gaggawa na Asibitin Malam Aminu Kano, da takardar sallama da duk hotunan da aka yi mata.