Shin Nazarin Taswira Kafin Gasa Maguɗi Ne?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Samaru, kuma ƙungiyarmu za ta yi gasar tseren bin taswira a kewayen Dutsen Kufena. Na samu tsohuwar taswirar wurin a hannun yayana. Idan na nazarce ta kafin ranar gasar, na yi maguɗi?

Amsa: Ɗan'uwa, nazarin tsohuwar taswira ba maguɗi ba ne, muddin abin da ke hannunka yana hannun sauran abokan karawarka. Ginshiƙin wannan wasa, wanda aka fara gasarsa ta jama'a a ƙasar Norwe a 1897, shi ne mutum ya shiga filin da bai sani ba, daga shi sai taswira da kamfas (na'urar da ke nuna arewa), ya gano tutocin da aka kafa bi da bi. Shi ya sa a manyan gasannin hukumar wasan ta duniya, IOF, wadda aka kafa a 1961, ake haramta wa masu fafatawa shiga filin tun da wuri, ana kuma fitar da tsohuwar taswirarsa domin kowa ya gani.

Saboda haka, ka zauna a gida ka yi nazarinka. Ka lura da layuka masu launin ruwan ƙasa da ke nuna tudu da gangara, da baƙin da ke nuna duwatsu da hanyoyi, da koren da ke nuna sarƙaƙiya, ka kuma tuna cewa a ma'aunin 1:10,000 santimita ɗaya daidai take da mita 100. Zakarun duniya ma suna duba hotunan tauraron ɗan'adam kafin gasa.

Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ka taka filin bayan an rufe shi, ko da da sunan shan iska ne, ko ka nemi wani ya tsegunta maka inda tutoci suke. A wasannin sojojin duniya na birnin Wuhan da ke ƙasar Sin a 2019, an kori 'yan tseren Sin saboda sun bi hanyoyin da aka yi wa alama a ɓoye, 'yan kallo kuma suka taimaka musu.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne kai kaɗai ke da taswirar. Shawarata, ka kai wa masu shirya gasar tun yau, su buga ta su raba wa kowa, kuma idan ka taɓa yawatawa a Kufena, wanda ba abin mamaki ba ne ga mazaunin Zariya, ka sanar da su kafin a rubuta sunanka.