Amsa: MQ-2 ɗaya za ta bambance gas da hayaƙi?

Malam, kana tambaya ko sensa MQ-2 (na'urar shaƙar gas) guda ɗaya da ka jona wa Arduino, ƙaramin allon kwamfutar nan mai karanta sensa, za ta iya bambance warin gas ɗin girki da na hayaƙi ko turare. Gaskiya ba za ta iya ba. Duk wanda ya taɓa ta, gas ne ko hayaƙi ko sifirit, lamba ɗaya ce kawai za ta hau, ba za ta ce maka ga abin da ta shaƙa ba. Shi kansa hancin mutum na'urorin jin warin da ke cikinsa sun kai iri 400, kowane wari ya motsa wasu ya bar wasu sai ƙwaƙwalwa ta gane shi, kuma abin da masana biyu, Persaud da Dodd, suka kwaikwaya kenan da haɗa sensa daban-daban a jami'ar Warwick ta Ingila a 1982. To kai ma haɗa sensa daban-daban uku ko huɗu, irinsu MQ-2 da MQ-3 da MQ-135, ka koya wa kwamfuta yadda lambobinsu ke tashi tare.

Amma fa ka kula da yanayinmu na Kano. Ni da na haɗa tawa da hunturu lafiya lau take aiki, damina na shigowa laima ta sauya lissafin gaba ɗaya, maiɗakina na kunna turaren wuta sai ta hau ƙara, sai da na ƙara DHT22 mai auna zafi da laima na sake ɗaukar lambobi. Sabuwa kuma ka bar ta a kunne aƙalla awa 24 kafin ka yarda da ita, sannan ka kafa ta ƙasa-ƙasa kusa da silinda don gas ɗin girki ya fi iska nauyi.