Furen tulif ya zube, in yanke ganyen?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Shekarata ta biyu ke nan a Manchester. A Nuwamban bara na shuka tulif guda 30 a bayan gida, suka yi fure ja da rawaya a Afrilu, har maƙwabta na leƙowa ta katanga. Yanzu furen ya zube, ganyen ya kwanta ya yi muni, maigida kuma ya matsa a share wurin. In yanke? Sannan in na kai wa Hajiyarmu a Kano, zai yi mata?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Don Allah ki ba maigida haƙuri, kada almakashi ya taɓa ganyen nan. Ni ma a shekarata ta farko na aske nawa tas saboda zan yi baƙi. Da Afrilu ya zagayo, cikin 40 da na shuka 4 kacal suka yi fure. Har yau abin yana min ciwo.

Abin da ke cikin ƙasa wata irin albasa ce, amma ba ta miya ba. Wadda kika shuka ta ƙarar da kanta wajen fitar da fure, yanzu wata sabuwa ce ke tasowa a gurbinta, kuma ganyen nan da kike gani ya yi muni shi ke shan rana yana ciyar da ita. Kan furen kaɗai za ki tsinke, don kada ƙarfinta ya tafi wajen yin 'ya'ya. Kara da ganye ki bar su kamar mako 6, sai sun yi rawaya sun bushe da kansu, yadda manoman albasa ke jira ganye ya kwanta kafin su haƙa. Kada ki ɗaure su, kada ki kitse su. A tsakanin nan ki riƙa zuba musu takin tumatir na ruwa, sau ɗaya a mako.

Da sun bushe, wajen ƙarshen Yuni, ni shawarata ki haƙo su. Asalin tulif duwatsun tsakiyar Asiya ne, inda hunturu ke da tsanani kuma lokacin zafi ƙasa ke bushewa ƙayau. Ta Turkiyya ya shigo Turai. Ke kuwa kin san ruwan Manchester ba ya hutawa, albasar da ta yi lokacin zafi a jiƙaƙƙiyar ƙasa tana iya ruɓewa. Ki kakkaɓe ƙasar, ki shanya su a inuwa, ki zubar da duk mai laushi ko tabo, sauran ki sa a buhun raga ki rataye inda iska ke shiga. Ki rubuta suna a jiki, ki nisanta shi da kicin: albasar tulif tana kama da albasar miya sosai, amma tana da guba, ga yara da kyanwa duka.

Sai Nuwamba ki mayar da su, lokacin sanyi ya rage ƙarfin cutar da ke ƙona ganyensu. Zurfin ramin ya ninka tsayin albasar sau uku, tsinin ya kalli sama. Ki shimfiɗa ragar waya a kai, in ba haka ba kurege zai riga ki.

Maganar Hajiya kuma, ba zan ɓoye miki ba, da wuya. Tulif ba ya fure sai ya sha sanyin da bai wuce digiri 9 ba na mako 12 zuwa 16, hunturun Kano kuwa bai kai nan ba. Ana iya sa shi a firji tsawon wannan lokaci, nesa da tuffa don iskar da take fitarwa na kashe furen tun yana ciki, amma ko ya fito zafin rana zai kwantar da shi cikin 'yan kwanaki. In Allah ya kawo ta ziyara, ki daidaita tafiyar da watan Afrilu, ki kai ta lambun Keukenhof da ke Holan, inda ake shuka albasar furanni kusan miliyan 7 kowace shekara. Kafin nan ki tura mata hoton naki.