Amsa kan ɗora manhajar Django: runserver, Gunicorn ko uWSGI?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce ka gama manhajarka ta Django (tsarin gina manhajar intanet da Python), ka kama hayar saba mai RAM giga 1, kana tambaya ko ka bar ta a kan runserver tunda tana tafiya lafiya, ko kuma ka koma Gunicorn ko uWSGI, wato manhajojin da ke tafiyar da Django a kan saba don jama'a.

Runserver dai cire shi daga lissafi tun yanzu, su kansu masu Django sun rubuta ƙarara cewa na gwaji ne a kwamfutarka, ba don jama'a aka yi shi ba. Ni Gunicorn nake bi shekaru, kuma shi zan ba ka shawara. uWSGI yana da ƙarfi ba ƙarya, amma saitinsa ya yi yawa sosai ga mai farawa, kuma masu shi sun ce yanzu gyaran kurakurai kawai suke yi.

Amma fa zaɓen sunan ba shi ne wahalar ba, saitin ne. Akwai wata manhajar duba sakamakon jarrabawa da na yi wa wata makarantar kuɗi, na kwafo saiti daga intanet mai ma'aikata 9 (workers, wato masu amsa buƙatun masu shiga shafin) na liƙa ban yi tunani ba, ranar da aka saki sakamako iyaye suka yi caa a kai, kafin la'asar shafi sai kuskuren 502 yake nunawa (alamar manhajar ba ta amsawa), shugaban makaranta yana ta kirana ni kuma ina zaune gaban htop, mai nuna halin da saba ke ciki, ina kallon RAM ta cika maƙil, Linux yana kashe ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya. Abin da ban gane ba a lokacin, kowane ma'aikaci kwafin manhajarka ne guda a cikin RAM. Ƙa'idar da Gunicorn suka bayar ita ce yawan kwakwalwar sabar (CPU cores) sau 2 a ƙara 1, kaga in guda ɗaya gare ka 3 kenan. Da na mayar 3 shikenan aka zauna lafiya. In ma PostgreSQL, rumbun adana bayanai, yana kan sabar ɗaya, fara da 2 ka gani tukuna.

Sannan don Allah kar ka bar Gunicorn tsirara, sa Nginx a gabansa, wato manhajar da ke fara karɓar masu shigowa kafin ta miƙa wa Gunicorn. Wannan ya fi shafar mu nan, saboda yawancin masu shigowa da waya suke kuma netwok ɗin ka san halinsa, mutum ɗaya mai netwok mai rarrafe zai iya riƙe ma'aikaci guda har sai ya gama karɓa, su uku sun tsayar maka da komai. Nginx shi ke tsayawa ya yi haƙuri da su, shi kuma zai riƙa miƙa hotuna da CSS. Ka lura yana ƙin fayil da ya wuce mega 1 in ba ka ɗaga client_max_body_size ba, za ka ga kuskuren 413 duk wanda ya zo ɗora hoton fasfo da ya wuce haka.

Gunicorn kuma yana kashe ma'aikacin da ya wuce daƙiƙa 30 bai amsa ba. In kana haɗa PDF masu yawa kar ka ce za ka ɗaga lokacin kawai, ba wa Celery, mai jera dogayen ayyuka, aikin ya yi a bayan fage. Ka kuma sa Gunicorn ƙarƙashin systemd, mai kula da tayar da manhajoji a Linux, da Restart=always don ya tashi da kansa in ya faɗi da tsakar dare.

Akwai hira ta kai tsaye a manhajar, wato WebSocket? In akwai to maganar ta koma Uvicorn ko Daphne, masu iya ɗaukar irin wannan aikin, ka faɗa min sai in turo maka yadda nake saita nawa.