Tambaya da Amsa: Kayan Cikin Kifi da Ruwan Awara a Gona

Tambaya: Ina sana'ar soya kifi a Yauri. Kullum kayan ciki da kawuna da ƙaya suna taruwa mini, ƙuda sun dame ni. Maigidana yana noman tumatir da tattasai a fadama. An ce ana yin abin ƙarfafa shuka da wannan shara. Yaya ake yi?

Amsa: Hajiya, gaskiya aka faɗa miki. Ki samu robar fenti mai murfi, ki wanke ta tas. Ki yayyanka kayan kifin ƙanana tun suna sabo, ki auna su, ki auna mazarƙwaila daidai nauyinsu: kilo ɗaya na kifi, kilo ɗaya na mazarƙwaila dakakkiya. Ki riƙa jerawa, kifi a ƙasa, mazarƙwaila a kai, har ki gama, na ƙarshe ya zama mazarƙwaila mai kauri ta lulluɓe komai. Kada robar ta wuce kashi biyu cikin uku, domin haɗin yana kumbura. Kada ki zuba ruwa ko kaɗan. Ki rufe ba daram ba, ki ɗaura yadi a baki saboda ƙuda, ki ajiye a inuwa wata biyu zuwa uku.

Zaƙin yana zuƙo ruwan jikin kifin, yana kuma ciyar da ƙwayoyin da ke sa abu ya yi tsami, tsamin ne ke hana ruɓewa. Sinadaran narkar da abinci da ke cikin hanjin kifin su kuma suna narkar da naman ya koma ruwa mai kauri, launin ƙasa-ƙasa. Shi ya sa ba ma son a cire hanjin.

Hanci zai gaya miki in ya yi: ƙanshi mai zaƙi-zaƙi da ɗan tsami. Farin hunhuna a sama ba komai. Amma in kika ji warin mushe, ko kika ga tsutsa ko baƙin hunhuna, to mazarƙwaila ta yi kaɗan ko ƙuda sun shiga. In da wuri ne ki ƙara mazarƙwaila. In ya yi nisa a binne shi cikin tarin taki. Kifin da aka sa wa gishiri kuwa kada ya shiga, gishiri yana kashe ƙasar fadama.

A tace da yadi, a zuba cokalin cin abinci ɗaya na ruwan kifin a injin feshi na goyo mai lita 16 cike da ruwa. Cokali ɗaya, ba gwangwani ba, don in ya yi yawa ganye zai ƙone. A fesa da sassafe ko da yamma, duk bayan mako biyu, a ganye da gindin shuka. Da tumatir ya fara fure a rage, kada ya tafi ga ganye ya bar 'ya'ya.

Tambaya: Muna yin awara a Zariya. Ruwan da ke tsiyaya bayan an matse yana da amfani ga shuka?

Amsa: Yana da shi, 'yar'uwa, amma yana da tsami kuma yana saurin lalacewa. A sirka kofi ɗaya da kofi goma na ruwa, a ba shuka a ranar. In ana kwarara shi tsagwaronsa wuri ɗaya, ƙasar za ta yi wari, saiwa ta rasa iska. Mun fi so a riƙa yayyafa shi kan tarin buntun shinkafa da kashin dabbobi, ana juyawa duk mako, domin buntu busasshe ne mai jinkirin ruɓewa, wannan ruwan kuma yana hanzarta shi.

Tambaya: In ina fesa ruwan kifin, zan iya daina sayen yuriya? Daga wani manomin masara a Funtuwa.

Amsa: A'a, Malam. Abincin da ke cikin cokali ɗaya bai kai ya ciyar da masara ba. Aikinsa shi ne ya taimaki saiwa ta bazu, ƙananan halittun cikin ƙasa su farfaɗo, shuka ta jure wahalar dashe da zafi. Ka ci gaba da zuba takin gargajiya da na zamani. Ka ware kunya biyar ka fesa musu, ka bar biyar a gefensu, lokacin girbi ka auna kowanne daban.