Wane Gyara Zan Fara a Gonar Dawaki?

Tambaya: Ina kula da dawaki takwas. Shinge ya karye wuri biyu, kwamin ruwa ya tsage, rufin ɗakin ingirici yana yoyo, fentin barga ya koɗe. Kuɗin hannuna ba zai ɗauki duka ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, fara da ruwa yau ɗin nan. Doki ɗaya yakan sha lita 25 zuwa 45 a rana, in ya rasa kuma ciwon ciki ke biyo baya.

Sai shinge. Bi shi da ƙafa, ka girgiza kowane ginshiƙi, domin daga gindi suke ruɓewa, daidai inda itace ya haɗu da ƙasa, sama kuwa lafiya lau a ido. Cire duk ƙusar da ta leƙo. Tsayin shingen kada ya gaza mita 1.4. Waya mai ƙaya kam kada ka kusance ta. Dokin da ya firgita zai yayyage ƙafarsa a kanta.

Rufi na iya jira kaɗan in ka ɗora ingiricin bisa katako ka lulluɓe da tamfol. Wanda ya yi fumfuna zubar da shi, tari yake sa dawaki.

Fenti ya jira baɗi.